Ko Ka Sani? Taba Na Ɓoye Ciwon Dasashi

Ko ka san dasashin mashayin sigari bai cika yin jini ba, ko da cuta ta yi nisa a cikinsa? A Mainika, ko Gwarzo, ko Kabo, duk wanda ya goga asuwaki ya tofar ya ga ja, ya san da matsala. Mashayin taba kuwa sai ya ga yawunsa fari fes, ya ɗauka bakinsa lafiya lau. Sinadarin nikotin ne ke tsuke ƙananan jijiyoyin jinin dasashi, ya danne alamar farko da jiki ke bayarwa.

Alhali a ƙarƙashi ɓarna ake yi. Nau'in bakteriya kusan 700 aka gano suna iya zama a bakin ɗan'adam. Wanda ya fara ganinsu wani mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek. A 1683 ya kankaro dattin haƙoransa, ya duba da gilashin da ya haɗa da hannunsa. Har na wasu tsofaffi biyu da ba su taɓa wanke haƙora ba ya nemo, ya tarar halittu na ta wutsil-wutsil a ciki!

Cikin bakteriyar da ke baki akwai Porphyromonas gingivalis, wadda ba ta jituwa da iskar oksijin. Hayaƙin taba na rage wannan iska a ɗan lungun da ke tsakanin haƙori da dasashi, ya kuma raunana fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta. Nan irin waɗannan bakteriya ke samun sake, su yi ta ci kamar gara a cikin azara, har ƙashin da ke riƙe da haƙori ya zaizaye. Sai haƙori lafiyayye, wanda ko rami babu, ya fara girgiɗa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce haɗarin ciwon dasashi ga mashayi ya ninka na wanda ba ya sha.

Wani abin mamakin, wanda ya daina taba yakan ga dasashinsa ya fara jini cikin 'yan makonni, har ya tsorata. Jini ne ya dawo gudana yadda ya kamata, ciwon da ke ɓoye ya fito fili. Wanda ya ga haka kada ya koma wa sigari, ya nemi likitan haƙori a wanke masa, domin ƙashin da ya riga ya zaizaye ba ya dawowa da kansa.