Amfilfaya da Zafin Kaduna ta Kudu

Daga Kakuri zuwa Barnawa, har Sabon Tasha, da wuya a sami masallaci ko coci wanda ba a kafa masa lasifika ba. Amma lasifika ba ta da muryar kanta. Amfilfaya ce ke karɓar 'yar wutar da makirfo ya haifar, ta ninka ta har ta isa motsa lasifika. Babbar matsalar mai ƙera ta kuwa ita ce zafi, gama duk wutar da ba ta zama murya ba zafi take zama.

A tsarin da masana ke kira aji A, taransista tana shan wuta kullum, ko ana magana ko an yi shiru. Murya tana fita tas, amma in babu taransifoma a mafita, kashi 25 cikin 100 ne iyakar wutar da ke amfani. To, a watan Afrilu, sa'ad da zafin Kaduna kan zarce digiri 35, ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ƙofofin iska, wannan akwati ba ya daɗewa.

Saboda haka aka raba aikin tsakanin taransista biyu, ɗaya na turawa, ɗaya na jawowa. Wannan shi ne aji B, wanda a lissafi kan kai kashi 78. Aibinsa shi ne murya takan shaƙe daidai inda ɗaya ke miƙa wa ɗaya. Maganin abin, sai a bar musu 'yar wuta kaɗan tana gudana kullum, wato aji AB ke nan, sa'an nan a mai da wani yanki na abin da ya fita zuwa mashiga don ya gyara kuskure, dabarar da Harold Black ya gano a Amurka a 1927.

Aji D ya fi su duka tsimi, yakan wuce kashi 90, domin taransistarsa kunnawa da kashewa kawai take yi, sau dubbai ɗari a daƙiƙa. Mai sayen man janareta lalle zai so shi. Amma fa in ya ƙone, sau da yawa allon duka ake sakewa. Na AB kuwa, mai gyaran rediyo na unguwa ya iya cire taransistar da ta mutu, ya liƙa sabuwa da dalma kafin la'asar.