Zakin Bafariya da Hasumiyar Fitila a Tashar Jiragen Ruwa ta Lindau

Lindau gari ne da ke kudancin ƙasar Jamus, cikin jihar Bafariya. Tsohon garin yana zaune ne a kan wani tsibiri a Tafkin Konstans, wanda ƙasashen Jamus da Ostiriya da Suwizalan suka kewaye shi. Duk baƙon da ya shigo ta jirgin ruwa, sai ya ratsa tsakanin abubuwa biyu da ke tsaye a bakin tashar kamar dogarai: gunkin zaki a hannu ɗaya, hasumiyar fitila a ɗaya hannun.

An kammala su duka a shekarar 1856, zamanin Sarki Maximilian na Biyu. Zakin, wanda wani masassaƙi mai suna Johann von Halbig ya sassaƙa da dutse, tsawonsa mita 6 ne, yana zaune ya juya wa gari baya ya fuskanci ruwa. Hasumiyar kuwa ta kai mita 33, tana da agogo a jikinta, kuma idan aka buɗe ta mai ziyara yakan taka matakala 139 kafin ya isa sama, inda zai hango duwatsun Alps. A can gefen tashar akwai wata tsohuwar hasumiya da ake kira Mangturm, wadda ita ce ke yi wa matuƙa jagora kafin a gina sabuwar.

To, me ya kawo zaki a ƙasar da ba ta da zakuna? Amsar tana cikin tarihin sarauta. Shekaru aru-aru Lindau birni ne mai cin gashin kansa, ba ya bin kowa sai babban sarkin daular Jamusawa, yana kuma cin ribar fataucin hatsi da gishiri zuwa Suwizalan. Yaƙe-yaƙen Napoleon ne suka raba shi da wannan 'yanci. Ostiriya ta riƙe shi ɗan lokaci, sannan yarjejeniyar 1805 ta miƙa shi ga Bafariya, wadda ta samu mafita zuwa tafkin ke nan. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso tsibirin a 1854, sai aka faɗaɗa tashar domin kayan da suka sauka daga jirgin ƙasa su wuce jirgin ruwa. Zaki shi ne tambarin gidan sarautar Bafariya, saboda haka an girke shi ne domin ya shaida wa masu zuwa daga ƙetare ƙasar wa suka shigo. A ganinmu wannan ne ya kamata malami ya fara nuna wa ɗalibansa, kafin maganar tsawo da matakala.

Wani abin mamaki shi ne, zakin da kansa ya taɓa suɓucewa daga hannun masu shi. Tashar ta daɗe tana ƙarƙashin hukumar jiragen ƙasa, kuma a farkon shekarun 2000 aka sayar da kamfanin jiragen ruwan tafkin, har da tashar, ga kamfanin birnin Konstans, wanda ke wata jiha dabam, wato Baden-Württemberg. Mutanen Lindau ba su ji daɗin haka ba. Sai da aka sha doguwar taƙaddama, sannan a 2010 tashar da zakinta da hasumiyarta suka koma hannun hukumar garin Lindau.