Esi da Bel a Motocin Sienna da Sharan: Jita-jita da Gaskiyar Magana

Motocin da ke da layin kujeru uku, irin su Toyota Sienna da Volkswagen Sharan da Ford Galaxy, an ƙera su ne domin iyali, amma a tashoshin Arewa su ne suka zama motocin dogon zango. Sharan, wadda 'yan kamasho ke kira Sharon, ta fara fitowa a 1995 daga wata masana'anta a ƙasar Fotugal, ita kuwa Sienna a Amurka ake haɗa ta tun 1997. Yawancinsu na hannu ne, littafin bayanin da ke zuwa da sabuwar mota ya daɗe da ɓacewa. Abin da direba ya sani game da esi da bel ɗin kujera, daga bakin makanike da hirar tasha da saƙonnin WhatsApp ya tsinto shi. Wasu maganganun ƙarya ce tsagwaronta, amma da yawa gaskiya ce aka ɗora wa abin da ba shi da laifi.

Wadda ta fi tayar da hankali ita ce wai gas ɗin esi yana kashe wanda ya yi barci a mota. Cewa an sha samun gawar mutane a mota, injin yana aiki gilasai a rufe, wannan ya faru. Sai dai hayaƙin injin ne ya kashe su, wato iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai ke halaka iyalan da suka kwana da janareto a cikin gida. Idan salansa ta fashe, ko ƙasan mota ya yi tsatsa ya huje, ko an bar mota a kunne cikin rufaffen gareji, hayaƙin yakan samu hanyar shiga, fanka kuma ta watsa shi ko'ina. Mai ido biyu zai ji ciwon kai da jiri ya fita, mai barci kuwa sai dai ya zarce. Shi gas ɗin esi, wanda a yawancin waɗannan motoci R134a ne, a cikin bututu yake zagayawa. Abin da ke busowa a fuska iska ce kawai da ta bi ta kan ƙarfe mai sanyi. Akwai kuma abin da aka saba gani a hanya ba a ɗauke shi komai ba: a cika but da buhuna har ƙofar ta ƙi rufuwa, a ɗaure ta da igiya a kama hanya. Ƙofar baya a ɗage tana zuƙo hayaƙin salansa ciki, kuma 'yan layin ƙarshe ne ke fara shaƙarsa.

Sama da shekara goma ke nan wani saƙo yana yawo cewa duk wanda ya kunna esi da shigarsa motar da ta sha rana zai shaƙi sinadarin benzin daga robar dashbod ya kamu da kansa. Benzin yana jawo kansar jini, robobin cikin mota kuma suna fitar da tururin sinadarai idan sun yi zafi, musamman a sabuwar mota. Amma alƙaluman da ke cikin saƙon ba su da tushe, kuma esi ba ya ƙirƙirar benzin. Shawarar da ke ƙarshen saƙon ce kaɗai abin riƙewa: a sauke gilasai minti ɗaya ko biyu zafin da ya taru ya fita, sannan a rufe a danna maɓallin da ke da hoton mota da kibiya a lanƙwashe a cikinta. Wannan maɓalli yana rufe ƙofar iskar waje, esi ya riƙa juya ta ciki, sanyi ya fi saurin kamawa, ƙurar hunturu da hayaƙin tirela su tsaya a waje. Ba a barinsa a danne daga Kano har Abuja da mutum bakwai a ciki, domin iskar numfashi tana taruwa ta kawo wa direba kasala da gyangyaɗi. Da damina kuma shi ke sa gilas ya yi hazo. Maganin hazon ba goga tsumma ba ne: a buɗe iskar waje, a kunna esi, a juya iskar zuwa gilashin gaba, domin esi yana tsotse danshi.

Esi yana shan mai, wannan gaskiya ne, tunda injin ne ke juya kwamfuresa, kuma an fi ganin bambancin a cunkoso. A babban titi ribar kashe shi tana raguwa, saboda gilasai a buɗe suna sa iska ta riƙe mota. Zancen cewa tayar da mota esi a kunne yana kashe injin bai shafi motocin da ke da kwamfuta ba, ita ce ke hana kwamfuresa kamawa sai injin ya tashi. Mai raunin batir ne kawai zai amfana da kashe fanka tukuna. Ruwan da ke ɗiga ƙarƙashin mota danshin iska ne, ba lalacewa ba. Warin ruma daga funfuna yake, ko daga matatar iskar esi, wadda ƙurar Arewa ke toshewa da wuri. Nimoniya kuwa, da ake ɗora wa esi, ƙwayoyin cuta ke kawo ta. Iyakar esi ya busar da hanci da ido.

Gas ɗin esi ba man fetur ba ne da ake ƙonewa, don haka babu dalilin ƙara shi duk shekara. Idan ya ragu sosai, yoyo yake yi. A motocin da ke da esin baya, dogayen bututu ne ke bi ta ƙarƙashi har zuwa layin ƙarshe, kuma nan tsatsa da duwatsun hanya suka fi ci. Mai gyaran da ya ɗura gas bai nemi huda ba ya shirya wa kansa ciniki na gaba ne, kuma ɗurin da ya wuce ƙima rage sanyi yake yi.

Abu ɗaya da ba jita-jita ba ne: motar da aka kashe aka rufe a rana tana iya ƙara digiri 10 cikin minti 10, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. A watan Afrilu, da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, ɗan sauke gilas ba ya tsinana komai.

Bel mai ratsa ƙirji da ƙugu, Nils Bohlin ne ya tsara shi wa kamfanin Volvo a 1959, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da fasahar kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwar masu zama gaba da kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. Duk da haka, abin da ake gani shi ne direba ya yafa shi a kafaɗa da ya hango jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, ya saki da ya wuce su, ko ya maƙala shi ta bayan kujera don ƙarar gargaɗi ta yi shiru. Hujjar da aka fi kawowa ita ce bel zai riƙe mutum idan mota ta kama wuta ko ta faɗa ruwa, gara a wurgo shi waje. Irin waɗannan haɗurra kaɗan ne a cikin jimilla, kuma ko a cikinsu sai mai hayyacinsa ne ke iya buɗe ƙofa; wanda kansa ya daki gilas ya suma ba ya fita. Wanda aka wurgo kuwa kan kwalta yake sauka, sau da yawa motar da ke ƙundumbala ta bi ta kansa. Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. A gudun 100, kusan mita 40. Babu hannun da zai dafe kujera ya tsayar da wannan. Masu cewa abin da aka ƙaddara ba makawa, malamai sun daɗe da ba su amsa cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Ƙorafi ɗaya ne ba a musa ba: bel yana yamutsa babbar riga mai sitaci.

Jakar iska ba ta maye gurbin bel. An ƙera ta ne ta tari wanda bel ya riga ya riƙe, kuma tana fitowa da ƙarfin da zai iya ji wa marar bel mummunan rauni. Shi ya sa ba a ɗora kujerar jariri mai kallon baya a gabanta. Zaman baya ma ba kariya ba ce. Fasinjan layin tsakiya da bai ɗaura ba, nauyinsa kan na gabansa yake faɗawa. Haka jaririn da ke kan cinya: a lokacin karo nauyinsa na iya ninkuwa sau 20 ko fiye, ya kuɓuce daga hannun uwa, idan kuma an zagaya bel ɗaya a kansu su biyu, jikinta ne zai matse shi. Mai juna biyu tana ɗaura bel, na ƙasa ya kwanta kan ƙashin ƙugu a ƙarƙashin ciki, na sama ya bi tsakiyar ƙirji. Yaron da bai kai tsayin santimita 135 zuwa 150 ba, bel ɗin manya a wuya da ciki yake kama shi, sai an ɗaga shi da kujerar yara.

Kujerun tsakiya na Sienna suna kwantawa sosai, fasinja ya miƙe ya yi barci, amma idan aka yi karo jiki yakan zame ta ƙarƙashin bel. Tura na kafaɗa ƙarƙashin hammata kuma haƙarƙari yake karyawa. Bel ɗin da ya ƙi janyuwa idan an fizge shi lafiyarsa ƙalau, aikinsa ke nan. A sassauta a ja a hankali. A wasu daga cikin waɗannan motoci, na kujerar tsakiya a layin ƙarshe daga rufi yake saukowa da baki biyu, sai an maƙala ƙaramin a mazauninsa kafin babban. Sauran makullan bel kuwa galibi sun nutse ƙarƙashin rigar kujera, ba wanda ya taɓa tono su. Mota mai kujera bakwai bel bakwai gare ta, don haka na huɗu a layin mutum uku da na biyu a kujerar gaba ba su da komai.

Motar da ta taɓa karo aka gyara tana buƙatar dubawa ta musamman. A jikin bel ɗin gaba akwai 'yar na'ura da ke fizgo shi ya matse jiki a daidai lokacin karo, kuma sau ɗaya take aiki, kamar jakar iska. Fitilar da ke nuna lafiyarsu, mai hoton mutum da ƙwallo a gabansa ko haruffan SRS, ya kamata ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Idan ta tsaya a kunne akwai matsala, idan kuma ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne kafin a kai motar kasuwa.