Tsohon Babur Mai Girgiza: A Duba Ƙafa Kafin A Buɗe Inji

Kwanakin baya wani malamin makaranta ya zo mana da kuka a kan babur ɗin da ya gada wurin mahaifinsa. Marigayin akawu ne a zamanin En'e, babur ɗin kuwa BSA ne, irin wanda a ke kira Bantam. Shekara da shekaru yana jingine a zaure, sai ɗan ya fito da shi, ya wanke masa tanki, ya sake fulogi, ya sa masa sababbin tayoyi, ya tashi sarai. Amma da zarar agogon gudu ya kai mil 35, sai kan babur ya kama rawa, madubi ya dushe, hannu ya yi ta kaɗawa kamar na mai jin ɗari. Makanike ya ce inji ne. Aka sauke inji, aka buɗe, aka sake zobban fistan, malam ya biya kuɗi masu ciwo, aka mayar. Girgiza tana nan inda a ka bar ta. Rannan a wata gangara saura kaɗan ta kayar da shi, ga ɗansa a baya.

Mun ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayanin wannan al'amari, gama ba shi kaɗai ne mai tsohon babur ba, kuma abin da za mu faɗa ya shafi kowane babur mai ƙafar waya da tiyub, na Ingila ne ko na Japan.

Da fari dai a sani akwai girgizar da ba cuta ba ce, da ita a ka haifi babur ɗin. Kamfanin BSA na Birmingham ya fara ƙera Bantam a 1948, ya daina a 1971, asalin zanen injinsa kuwa na Jamus ne, na wani babur mai suna DKW RT 125, wanda a ka karɓe a cikin diyyar Yaƙin Duniya na Biyu. Fistan ɗaya gare shi. Fistan kuwa hawa ya ke yi ya tsaya cik, ya sauko ya tsaya cik, sau dubbai a cikin minti guda, ba kuwa yadda za a yi a daidaita nauyin inji mai fistan ɗaya irin wannan har motsin ya ɓace ɗungum. Manyan baburan Ingila masu fistan biyu, waɗanda su ka bi sawun Triumph Speed Twin na Edward Turner da a ka nuna a 1937, su ma haka su ke, domin fistan ɗinsu biyu tare su ke hawa tare su ke sauka. Abin ya dami masu ƙira har kamfanin Norton, sa'ad da ya fito da Commando a 1967, ya ɗora injin a kan matasan roba don kada motsin ya isa ga mahayi. Saboda haka wanda ya ke so tsohon BSA ya yi lumus kamar babur ɗin zamani, ya nemi jini ga fara. Abin tsoro shi ne girgizar da ta zo daga baya, wadda da babu ita, ko wadda ta ke tasowa a wani gudu na musamman.

Ga gwajin da ya kamata a fara da shi, ba ya cin ko kwabo. A sami hanya miƙaƙƙiya mai kyau wadda ba zirga-zirga, a hau har girgizar ta taso, sa'an nan a matse kuloci a saki totur, babur ya ci gaba da gangarawa da kansa. Yanzu inji ya koma silo, ƙafafu kuwa suna nan a kan gudunsu. In girgizar ta ɗauke, to, laifin yana wajen inji. In tana nan, ba ruwan inji, sai a nemi ƙafa da taya da sarƙa. Da makaniken malam ya yi wannan, da bai taɓa sifana ba.

Malaman lissafi za su ji daɗin wata hanyar kuma. Ƙafa mai inci 18 da taya mai inci 3 tsayinta duka kamar inci 24 ne, kewayenta kamar inci 75. Babur mai gudun mil 40 a awa yana cin inci 704 a daƙiƙa, watau ƙafar tana juyi wajen sau 9 ke nan. Inji kuwa mai juyi 4,000 a minti ya haura sau 66 a daƙiƙa. To, shi ya sa girgizar inji ta ke zuwa da tsirin-tsirin, ta sa tafin hannu da tafin ƙafa su mutu, ta ƙafa kuwa bugu ce, dum-dum-dum, kamar ana tafiya a kan gargada alhali hanya sumul ta ke.

In gwaji ya nuna inji, kada a yi garajen buɗe shi. A fara da kusoshin da su ka riƙe shi a jikin firam, domin su ne su ka fi yawan kwancewa, wani lokaci ma ramin kusar ya cinye ya zama kamar ƙwai. A duba firam ɗin ko ya tsage kusa da wurin, a duba salansa da tanki ko suna lilo. Nan akwai wani tarko. Notunan tsofaffin baburan Ingila ba da awon milimita a ka yi su ba, da awon Whitworth ne da danginsa, wanda Joseph Whitworth ya tsara tun 1841. Sifanar da ta ke cike kasuwa yau ba ta kama su daidai, sai ta zame ta cinye kan noti, makanike ya zaci ya ɗaure alhali bai ɗaure ba. Wanda ya gaji babur ya binciki akwatin marigayi, wataƙila sifanun asali suna ciki. Sai an gama da waɗannan duka za a yi zancen boris na cikin inji.

Ƙafa Da Taya

A kafe babur, a ɗaga ƙafar gaba ta bar ƙasa. A kama ta sama da ƙasa a jijjiga ta gefe da gefe. In an ji ƙwas-ƙwas, boris ya ci. A kama sandunan gaba a ja a tura, in akwai motsi, boris na wuya ne ya saki. Sa'an nan a ɗauki sukudireba a bi wayoyin ƙafa ɗaya ɗaya ana ƙwanƙwasawa. Waya mai lafiya ƙara ta ke yi ƙal, wadda ta saki kuwa sai a ji ta dusu-dusu. Bayan haka a riƙe alli kusa da bakin rim, a dafa hannu a jikin sanda don kada ya motsa, a juya ƙafar. Inda allin ya taɓa, nan rim ya karkace. In karkatar ta wuce kamar milimita 2, sai a kai wa mai ɗaurin waya, kuma a nemi wanda ya san aikin, gama ɗaure waya ɗaya ba tare da sassauta kishiyarta ba ƙara ɓarna ne.

A babur ɗin malam duk waɗannan lafiya su ke. Da a ka zo ga tayar kanta ne asiri ya tonu. A gefen yawancin tayoyi akwai wani siririn layi da a ka zana a jikin robar, yana kewaye da ita dab da bakin rim. Ba ado ba ne. An yi shi ne domin mai sa taya ya gane ko ta zauna daidai: tazarar da ke tsakaninsa da bakin rim dole ta zama ɗaya tun daga bawul har a komo bawul, a gefen dama da na hagu. A tayar malam layin ya fito sarai a wuri ɗaya, a wani wurin kuwa, kamar tsawon taƙi guda, ya nutse cikin rim ba a ganinsa. Watau tayar ba ta hau kafaɗar rim ba a nan, ƙafar ta zama ba da'ira ba, kowane juyi sai ta yi tsalle.

Dalili biyu su ka jawo haka. Na farko tsatsa. Shekarun da babur ya yi a zaure, damina tana shiga ta ramukan wayoyi, cikin rim ya yi ɓawon tsatsa, robar ta kasa zamewa a kansa. Na biyu, kuma shi ya fi ba mu haushi, tayar ta fi ƙarfin rim ɗin. Bantam na farko yana ɗaukar 2.75-19, na baya mai injin 175 irin na malam kuwa 3.00-18. Lambar farko faɗin taya ce da inci, ta biyu faɗin da'irar rim. Mai shago ba shi da 3.00, sai ya ba shi wadda ta fi ta kauri, ya ce ai babba ta fi riƙe hanya. Wannan magana ta yaɗu ƙwarai, kuma ba gaskiya ba ce. Rim ma yana da nasa awon: wanda a ka buga wa WM1 faɗin cikinsa inci 1.6 ne, WM2 inci 1.85, WM3 inci 2.15. In an cusa taya mai kauri a siririn rim, sai gefunanta su tsuke, bayanta ya yi tsini, abin da ke taɓa ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru, ga wuyar zama, ga gugar madigadi. Tayoyin zamani da yawa kuma da milimita a ke rubuta su, kamar 90/90-18, wanda ma'anarsa faɗi milimita 90, tsayi kuwa kashi 90 cikin 100 na faɗin. A raba da 25.4 a ga inci nawa ne kafin a biya kuɗi. Lambar ƙarshe kuwa ba ta da sassauci ko kaɗan: tayar 18 ba ta hawa rim na 19, ta 19 ba ta zama a na 18.

Yadda a ka sake sa wa malam tasa, da a ka samo mai awon daidai, shi ne yadda ya kamata a riƙa yi. An kankare tsatsar da burushin waya har ƙarfe ya fito. An sake ƙyallen robar nan da ke rufe kawunan wayoyi, domin tsohon ya tsinke, kan waya kuwa in ya sami tiyub sai ya huda shi a hankali. An sa sabon tiyub mai awon tayar, an barbaɗa masa hoda, an ɗan hura masa iska kaɗan don ya yi siffa kada ya naɗe. An shafa wa bakin taya ruwan sabulu. Masu faci da yawa baƙin mai su ke shafawa domin shi ne a kusa, mai kuwa yana cin roba, kuma ba ya bushewa, sai tayar ta riƙa zamewa a kan rim duk lokacin da a ka taka birki.

Sirrin aikin duka yana ga kwarin nan da ke tsakiyar rim. Bakin taya akwai wayar ƙarfe a cikinsa, ba ya miƙewa, ƙarfi ba ya sa shi ya miƙe. Abin da a ke yi shi ne a danna gefen da ya riga ya shiga ya faɗa cikin kwarin, sai ɗaya gefen ya sami sarari. A fara daga wajen da ke fuskantar bawul, a bi hagu da dama, a ƙare a bawul, a ɗan tura bawul ɗin ciki don kada bakin taya ya danne gindinsa. In ka ga mutum ya haɗa gumi yana danna liba da ƙafa, to, bai sa taya a kwari ba, kuma ko ya cije tiyub ko ya karya wayar. Da an gama a hura a hankali ana duban layin nan. In wani wuri ya ƙi fitowa, a sace iskar, a ƙara sabulu, a bubbuga tayar a ƙasa, a sake. Kada a wuce fam 40 wai don a tilasta mata. In ta zauna, a mayar da iskar daidai awon hawa, a riƙa aunawa da safe kafin taya ta yi zafi. Notin bawul kuma kada a ɗaure shi tam a jikin rim. A bar shi sako-sako, domin in taya ta fara zamewa za a ga bawul ya karkace, a gyara. In an ɗaure shi, ba za a ga komai ba sai ranar da ya tsinke daga tiyub, iska ta fita gaba ɗaya, in kuwa ƙafar gaba ce, mahayi ba shi da ta cewa.

Saura daidaita nauyi. In masu ƙira sun ɗiga wa taya rawayan fenti, nan ne wurin da ya fi sauƙi, sai a sa shi daidai bawul. Bayan haka a ɗora ƙafar a kan sandarta tsakanin kujeru biyu, a juya ta a bar ta ta tsaya da kanta, a yi wa saman alama da alli. A yi haka sau uku. In kullum wuri ɗaya ne ke komawa sama, to, ƙasan ya fi nauyi, sai a naɗa 'yar wayar dalma a jikin wayar ƙafa ta saman, kusa da rim, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan har ƙafar ta riƙa tsayawa ko'ina. Kada a raina 'yar wannan dalma. Ƙarfin fizgar nauyin da bai daidaita ba, in gudu ya ninka biyu, shi ninkawa huɗu ya ke yi. Shi ya sa malam bai ji komai ba a cikin gari, sai ya hau babbar hanya.

Abu ɗaya kuma da mu ka duba kafin a saya: shekarun tayar. Tun daga shekara ta 2000 a kan buga lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT a gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, balle a zafin shagunanmu. Kamfanin Michelin ya ba da shawara a riƙa bincikar taya kowace shekara in ta kai biyar, a jefar da ita in ta kai goma, ko da zanenta bai goge ba. Awon tsofaffin babura ba ya fita da sauri a kasuwa, don haka su ne su ka fi daɗewa a kan kanta.

Malam ya hau a gabanmu ya tafi har gangarar nan ya komo. Ya ce a mil 45 yana ganin motar bayansa a madubi. Tsirin-tsirin na injin yana nan a tafin ƙafa, mun kuwa gaya masa wannan tun mahaifinsa na hawa ya ke, ya bar shi. Tayar baya ma mai kaurin ce, ya ce sai ƙarshen wata.