Gidajen da Ke Jan Ɗumi Daga Ƙarƙashin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa yin sammakon jan ruwa a rijiya cikin watan Janairu, sa'ad da hunturu ya kankama, ya san ruwan da guga ke fitowa da shi da ɗuminsa yake fitowa. In kuwa bazara ta yi, ruwan nan dai shi ake rububi saboda sanyinsa. Ruwan bai sake hali ba, iskar da ke bisa ce ta sauya. Masana sun tabbatar cewa in aka nutsa kamar mita 10 zuwa 15 cikin ƙasa, zafin wurin kusan ɗaya ne rani da damina, kuma ba ya nisa da matsakaicin zafin iskar garin na shekara.

A kan wannan hali na ƙasa mutanen ƙasashen sanyi suka dogara wajen ɗumama gidajensu da wata na'ura da za mu kira injin jan zafi. Aikinsa irin na firji ne. Firji yana kwashe zafi daga cikinsa ya zubar ta baya, shi ya sa in mutum ya dafa bayansa sai ya ji ɗumi. Shi wannan inji daga ƙasa yake kwasowa, ya zuba cikin gida. Akan binne bututun roba mai ƙwari, a cika shi da ruwan da aka gauraya da maganin daskarewa, ruwan ya riƙa kewayawa yana ɗebo ɗan ɗumin ƙasa, injin kuma ya matsa shi har ya isa ɗumama ɗaki. Ribar ita ce, awo ɗaya na lantarki yakan kawo awo uku ko huɗu na zafi, domin injin ba ya ƙirƙirar zafin, dako kawai yake yi.

Dabarar ta daɗe. Tun 1852 wani masanin Birtaniya, Lord Kelvin, ya bayyana ta, a 1912 kuma injiniya Heinrich Zoelly ya yi rajistar irin wadda ke ja daga ƙasa a Suwizalan. Amma sai da man fetur ya yi tsada a 1973 sa'an nan aka waiwaye ta da gaske, musamman a Suwidin, inda yanzu gidaje dubu ɗaruruwa ke da rijiyar burtsatse mai zurfin mita 100 zuwa 200, ba don ruwan sha ba, don ɗumi.

To, sayen inji shi ne mafi sauƙi cikin aikin. Injiniyan kirki da gidan yake farawa. Sai ya lissafa yawan zafin da ke zurarewa ta bango da rufi da tagogi a daren da ya fi kowane sanyi a shekara, kuma sau da yawa shawararsa ta farko ga maigida ita ce a toshe waɗannan kafofi tukuna, gama kowace mita da za a haƙa kuɗi ce. Yakan kuma duba yadda za a rarraba ɗumin. In bututu aka shimfiɗa a ƙarƙashin daɓe, ruwa mai digiri 35 ya wadatar, amma tsofaffin ƙarafan ɗumama ɗaki na jikin bango sukan bukaci digiri 55 ko fiye, injin kuwa gwargwadon yadda aka tilasta masa ɗaga zafi, gwargwadon lantarkin da zai sha. Inji ya yi girma ainun, sai ya riƙa tashi yana mutuwa har ya gaji da wuri. Ya yi ƙanƙanta, sai a koma ga hita, ribar da ake nema ta tafi.

Bayan gida sai ƙasa, kuma a nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Busasshen yashi rowa gare shi, ba ya miƙa zafi da sauri, amma jiƙaƙƙen yumɓu da dutse mai tauri suna miƙawa. Mai fili yana iya kwantar da bututu a zurfin mita ɗaya ko biyu, marar fili sai ya haƙa ƙasa tsaye. A manyan ayyuka akan fara haƙa rami ɗaya na gwaji, a riƙa zagaya ruwan zafi cikinsa kwana biyu ko uku, a auna yadda ƙasar ke karɓa. Har ila yau, ƙasa kamar rumbu take: in ana ɗiba kowane hunturu fiye da abin da ke komawa, shekara bisa shekara sai ta yi ta sanyi, injin ya raunana. Saboda haka akan nisanta ramuka da juna, inda hali ya yi kuma a mai da zafin gida cikin ƙasa lokacin bazara.

Abin da rashin sanin ƙasa ke jawowa ya auku a garin Staufen na kudancin Jamus. A 2007 aka haƙa ramuka bakwai, masu zurfin kimanin mita 140, don ɗumama ofishin hukumar gari. Ashe haƙar ta ratsa wani irin dutse da ake kira anhaidarait, ta buɗe wa ruwan ƙarƙashin ƙasa hanya zuwa gare shi. Shi kuwa dutsen nan in ya sha ruwa sai ya rikiɗe ya zama jifsam, irin wanda ake sa wa siminti, ya kumbura. Tsakiyar gari ta shiga ɗagowa, har ta kai wajen santimita ɗaya a wata, gine-gine fiye da 250 suka tsattsage, har da ofishin da aka yi aikin dominsa.

Mai karatu zai tambaya, shin mu fa? Mu bukatarmu sanyi ce, kuma injin yana iya juyawa ya kwashe zafin ɗaki ya kai ƙasa. Sai dai matsakaicin zafin Kano na shekara wajen digiri 26 ne, watau ƙasarmu ba ta da sanyin ta Turai, ko da yake ta fi iskar Afrilu mai digiri 40 sanyi nesa ba kusa ba. Wahalar ita ce rumbun nan da muka ambata: mu zubawa za mu riƙa yi kusan duk shekara, ɗiba kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba cikin Disamba da Janairu. Injiniyan da ya kwafo lissafin Suwidin ya kawo Kano ko Damagaram zai tarar ramukansa suna ƙara ɗumi kowace shekara. A ganina, wanda ke son gwadawa a nan ya fara da bango mai kauri da rufi mai tare rana, irin abin da maginan soro suka sani tun tuni, sa'an nan ya tambayi masu haƙa burtsatse na unguwarsa a mita nawa suke tarar da ruwa, da irin dutsen da suke ratsawa kafin su kai gare shi.