Dashen Haƙori Ko Haƙoran Roba: Wanne Ya Dace Da Dattijo?

Idan haƙoran Baba suka fara zubewa, galibi ɗan da ke riƙe da waya ake sa wa ya bincika, kuma tallan dashen haƙori ne ke fara bayyana a intanet.

Dashe wata 'yar ƙusa ce ta ƙarfen titanium da likita ke murɗawa cikin ƙashin muƙamuƙi, fasahar da aka fara yi wa mutum a Suwidin a 1965. Ƙashin kan kama ƙarfen cikin wata 3 zuwa 6, sannan a ɗora haƙori. Sai dai inda haƙori ya daɗe da fita ƙashin yakan zaizaye, shi ya sa ake fara ɗaukar hoton CBCT. Tsufa kaɗai ba ya hana dashe. Ciwon suga da ba a shawo kansa ba, da shan taba, su ke kawo cikas wajen warkewa.

Gada ta fi sauri, amma sai an feƙe lafiyayyun haƙoran gefe. Haƙoran roba sun fi araha, ba tiyata, sai dai na ƙasa kan yi lako-lako wajen tauna nama. Ga wanda na ƙasansa suka ƙare, dashe biyu kacal kan iya riƙe na robar daram.