Gwajin da Ya San Dangi, Bai San Fuska Ba

A shekarar 1957 aka tsinci gawar wata mata a bahon wanka a garin Bradford na Ingila. Mijinta, Kenneth Barlow, ma'aikacin jinya ne, kuma an zarge shi da yi mata allurar insulin. To ta yaya za a tabbatar? Sai da masana suka yanki naman wurin da allurar ta shiga, suka tace, suka yi ta yi wa ɓeraye allura da abin da suka tace suna kallon yadda sukarin jikinsu ke faɗuwa. Da shaidar ɓeraye aka ɗaure shi.

Ba a daɗe ba aka huta da wannan wahala. A wani asibitin tsofaffin sojoji da ke unguwar Bronx a birnin Niyok, Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka fito da hanyar auna insulin a cikin ɗan jini kaɗan, suka wallafa cikakken bayaninta a 1960. Ita ce ake kira RIA. Yalow ta karɓi kyautar Nobel a 1977. Berson ya riga ya rasu tun 1972. A 1970 kuma Sydney Spector da Charles Parker suka juya dabarar zuwa gano mofin, daga nan ta shiga hannun masu binciken laifi.

Ga yadda take aiki. A ɗauka akwai mota a tasha mai kujeru ƙidayayyu, ga fasinjoji masu jar hula da aka san yawansu. Idan su kaɗai ne, duk kujerun nasu ne. Idan kuwa wasu marasa hula suka zo aka yi turereniya, masu jar hular da za su sami wurin zama sai su ragu. Kujerun su ne sinadaran garkuwar jiki da ake samu daga jinin zomo ko tunkiya bayan an yi musu allurar maganin da ake nema. Masu jar hula su ne maganin da aka yi wa lamba da aidin-125, mai fitar da wani haske da ido ba ya gani amma na'ura tana ƙirga shi. Marasa hula kuwa su ne abin da ke cikin jini ko fitsarin da aka kawo. Raguwar hasken da ya maƙale ita ke nuna yawan maganin da ke cikin jinin ko fitsarin, ko da bai wuce kashi ɗaya cikin biliyan na giram ba. Shi ya sa ta yi suna wajen kama irin su LSD da digoksin, waɗanda ɗan mitsitsi ake sha.

Sai dai kujera ba ta tambayar sunan mai zama. Mofin da kodin da hiroyin 'yan gida ɗaya ne, gwajin yakan kama su duka da suna guda. Wanda likita ya rubuta wa kodin da wanda ya zuƙi hiroyin duk sakamakonsu na iya zuwa iri ɗaya. Har burodin da aka barbaɗa wa 'ya'yan furen da ake tatsar ofiyom daga jikinsa ya sha jefa mutane cikin zargi, abin da ya sa a 1998 gwamnatin Amurka ta ɗaga mizanin gwajin ma'aikata daga nanogiram 300 zuwa 2,000 a kowace mililita ta fitsari. Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi shafar mu: tiramadol, duk da ɓarnar da yake yi a garuruwanmu, yakan wuce gwajin dangin mofin salin-alin, sai an neme shi da nasa gwajin.

Saboda haka ƙwararru ba sa kai sakamakon RIA kotu shi kaɗai. Rariya ce ta farko. Duk abin da ta tare sai an sake bin sa da na'urar GC-MS, wadda ke rarrabe kowane sinadari da nauyinsa. A ganina, duk wanda za a kora daga aiki ko a gurfanar kan fitsari, haƙƙinsa ne ya tambaya ko an yi wannan gwaji na biyu.

Yau RIA ta ja baya. Aidin-125 na rasa rabin ƙarfinsa cikin kusan kwana 60, ga lasisi, ga ɗawainiyar zubar da shara. Hanyoyi irin su ELISA, masu amfani da canjin launi, sun karɓe yawancin aikin, tare da gadon wannan rauni na kasa bambance ɗan'uwa da ɗan'uwa.